Ranin da Ba a Saki Awaki Ba

Sallar da ta wuce, ina kishingiɗe a zaure, na ji 'yata Rabi tana ba 'ya'yanta labari a tsakar gida. Ta ce musu kakansu soja ne mai tsanani, shi ya sa kakarsu ta ɗaure awakinta rani guda har ta rasa akuyar da ta fi so, duk saboda itatuwan gindin dutse. Ban tanka ba a lokacin, don ba a gyara wa uwa magana a gaban 'ya'yanta. Amma abin ya tsaya mini a rai. Mutanen gari su ma da tasu sigar: a wurinsu ni na raya kurmin, har wasu na kiransa da sunana. Ke Rabi kina ba ni laifi, su suna ba ni yabo, kuma duka kuskuren ɗaya ne, domin kowanne ya cire Innarku daga maganar kamar ba ita ta yanke shawarar ba. Saboda haka zan faɗi yadda aka yi daki-daki, na farko a farko, na baya a baya. Gambo, maƙwabciyarmu ta gabas, tana nan da ranta. Wanda ya yi shakka ya je ya gaishe ta, ya tambaye ta.

Zan fara da kurmin kansa. Lokacin da nake yaro, filin nan da ke tsakanin bayan unguwarmu da gindin dutse duhu ne ko da tsakar rana. Kanya da ɗinya da tsamiya da ɗorawa sun haɗa kai a sama, marke da ƙirya sun riƙe gefen dutse, gawo ya bi bakin rafi. Da hantsi za ka ga rema sun jeru a kan duwatsu suna shan rana, in ka matsa su sulale cikin tsaga. Zabin daji na ratsa hanya garke-garke. Akwai bushiya, akwai damo, akwai tunku, makwarwa kuwa ita ke fara tashinmu kafin ladan. Da na gama aikin soja na dawo gida da igiyar kofur, abin da na tarar daban ne. Masu gawayi sun gama da ƙirya da marke. Sauran manyan itatuwan na tsaye nesa da juna kamar tsofaffin da aka bari a gari, ƙarƙashinsu fayau kamar masussuka. Rema sun koma can ƙolin dutse, zabin daji kuwa sai a labari.

Mu dattawan unguwa da wasu matasa muka je wurin mai unguwa, shi kuma ya kai mu gaban dagaci, aka bar mana wurin a hannunmu. Ba albashi, ba mai sa mu sai ganin dama. Aka ce ni zan shugabanta, tunda tsohon soja ne kuma ba a san ni da wasa ba. Na tsara dokoki: ba gatari, ba wuta, ba tarko, kuma ba a fitar da ko tsinke daga ciki. Kowace Asabar da safe muna gayya. Sara ya tsaya, wannan kam mun iya. Da damina ta sauka sai ga tsiro ko'ina, 'ya'yan kanya da na tsamiya da na ɗorawa, wasu mu muka binne irinsu, wasu tsuntsaye da ruwa ne suka shuka. Muka yi ta murna. Kafin rani ya raba tsakiya babu ko ɗaya. Shekara ta zagayo, aka sake yin haka. Muka gwada shingen ƙaya, amma wurin ya yi faɗi, akuyar garin nan kuma ba ta san shinge ba.

Kun san al'adar ƙasarmu, amma zan faɗe ta saboda jikokin da suka tashi a birni. Da ruwa ya sauka aka yi shuka, mai shela zai zaga gari ya ce a ɗaure dabbobi. Kowace akuya ta koma turke, a riƙa yanko mata ciyawa. Da an kwashe amfanin gona, ya sake zagawa ya ce a saki. Daga ranar har wata daminar akuya ita ke ciyar da kanta, ta fita da safe ta dawo da yamma da cikinta a cike, mai ita ba ta da wahala sai ta ruwan sha. Haka muka gada. Awakin unguwarmu kuwa da an kwance su, hanyarsu ɗaya ce, gindin dutse, kuma babu abin da ya kai sabon tsiro daɗi a bakinsu.

A kakar shekara ta uku muka zauna a ƙofar masallaci bayan la'asar. Aka yi ta kai da komowa, daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa bana a unguwarmu ba za a saki awaki ba. Rani ɗaya muke nema, saiwar tsiron ta kama ƙasa sosai, mu kuma mu samu sararin zagaye su da ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Aka yi fatiha, mai shela ya ɗauki sanarwa, kowa ya tashi yana ganin an gama. Abin da babu wanda ya tuna a cikinmu shi ne, duk yawanmu a taron nan babu mai akuya ko ɗaya. Akuya a garin nan ta mata ce. Ita ce asusunsu, ita ce gudummawar biki, ita ce kuɗin magani ranar da miji ba ya gari.

Na shiga gida na tarar da Innarku Saude tana tankaɗe. Ita ta fi kowace mace awaki a unguwar, kuma dukansu tsatson akuya ɗaya ne, wadda mahaifiyarta ta haɗo ta da ita ranar da aka kawo ta daga Maruta. A cikinsu akwai wata tsohuwa mai farin goshi da take kira Kyalla. Ita take fara ba ruwa, ita take yi wa magana kamar mutum.

"Na ji shela," in ji ta, ba ta ɗago ba.

"To madalla."

"Malam, a taron naku wa ya ce zai kawo harawa?"

Na ce ba a yi wannan maganar ba.

"Dusa fa?"

"Ita ma ba a yi ba."

"To me kuka yi?"

"Mun yanke hukunci."

"Kun yanke hukunci," ta maimaita, ta buga rariya a tafin hannunta. "Sannunku da aiki."

Ba mu gama ba sai ga Gambo ta yi sallama. Gambo ba ta taɓa jin tsoron kowa ba, balle ni, don tare muka yi wasan ƙasa.

"Salamu alaikum, barikin soja. Kofur, an ce ka kafa wa awaki dokar hana fita."

"Ba ni kaɗai ba ne, shawarar unguwa ce."

"Unguwar masu gemu dai. Mu ma mun yi namu taron a bakin rijiya, ba shela ba fatiha." Ta juya wajen Innarku. "Saude, idonmu na kan turkenki. Ke kika fi mu awaki, kuma mijinki ne shugaba. Ranar da kika kwance, mu kwance. In ba ki kwance ba, mu ma mu ga iya inda za mu kai."

Ku lura da wannan da kyau, don shi ne gindin maganar. Daga ranar nan kurmin gaba ɗaya ya rataya a igiyar mace ɗaya. Ni kuma ban ba ta umarni ba, ko a ranar ko bayanta. Awakin ba nawa ba ne, addini bai ba ni hannu a dukiyarta ba, kuma duk wanda ya zauna da Innarku ya san umarni ba ya sa ta yin abin da ba ta yi niyya ba.

Washegari da safe ta yafa mayafi ta ce in kai ta ta ga abin da ake wannan rigima a kansa. Muka je. Na riƙa buɗa ciyawa ina nuna mata, ga kanya, ga tsamiya, wasu ba su wuce tsawon yatsa ba. Muka yi ta tafiya har muka iso gindin babbar ɗorawar nan da take samun kalwar daddawarta. A ƙarƙashinta akwai wani ɗan tsiro mai lallausan ganye. Ta sunkuya ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗaga kai ta dubi uwar.

"Tun da aka kawo ni garin nan a tsufe na same ta," in ji ta. "Kowace shekara ina zuwa in kwashi 'ya'yanta, ban taɓa tambayar wa zai gaje ta ba. Rani ɗaya kuka ce?"

"Rani ɗaya."

"To mu je gida, rana na yi."

Ba ta ce ta yarda ba. Amma da yamma na ga ta sake wa awakin sababbin igiyoyi, ta sa an ƙara kafa turaka a ƙarƙashin rumfa. Ta bi gonata da ta maƙwabta tana tara harawar wake da ta gyaɗa, har rufin ɗakinta ya ɓace a ƙarƙashinta. Masu surfe ta riƙa ba su daddawa suna ba ta dusa. Sauran matan suka leƙo, suka gani, kowa ta koma ta yi iyakar nata.

Watannin sanyi sun wuce da sauƙi, in ban da kuka. Akuyar da ta saba da yawon rani ta san lokacinta ya yi. Tun da asuba suke farawa, na gidanmu su kira na gidan Gambo, na Gambo su kira na gaba, har liman ya ce ba ya jin kansa a salla. Maza suka fara gunaguni, mu da muka yi dokar. Matan kuwa ba su ce uffan ba, suna ta jidar ruwa da abinci, aikin da a da sai damina suke yinsa.

Da sanyi ya fara ja baya, rufin ɗakin Innarku ya fara bayyana. Wata rana ina cin abinci ta zauna nesa kaɗan, yadda take yi in da magana.

"Malam, gawon bakin rafi yana ta zubar da 'ya'ya, kalgo ma haka. Gara ce ke ci. Da awakinmu ke tsince su. Kun hana akuya shiga, kun kuma hana abincinta fitowa."

"Doka ta ce ba a fitar da ko tsinke."

"Wa ya yi dokar?"

"Mu."

"To ai ba saukar da ita aka yi ba. Ku koma ƙofar masallacin."

Na koma. Wasu suka ce in yau mata suka shiga da lauje, gobe gatari zai biyo baya. Aka daɗe, sannan aka amince da sharaɗi: tsintar abin da ya faɗo da kansa, da yankan busasshiyar ciyawa da lauje, ba adda ba gatari, kuma ni in tsaya a wurin duk ranar da za su shiga. Saboda haka abin da zan faɗa yanzu a kan idona aka yi shi.

Na yi aiki a ƙarƙashin manya da dama, ban ga tsarin da ya fi na matan nan ba, kuma Innarku ce ta shimfiɗa shi. Kafin a sa lauje a wuri, sai an buɗa ciyawar da hannu an duba. In akwai tsiro, a kafa kara kusa da shi don a san da zamansa, a bar masa ciyawar da ke kewaye da shi ta yi masa inuwa, sannan a jawo ƙayar magarya da ta bushe a rufa masa. Bayan nan ne za a yanka sauran. Aikin da mu maza muka ce za mu yi a gayyar Asabar muna ta ɗagawa, su suka yi shi a cikin neman abincin awakinsu. Kafin wata ya zagayo kowace mace ta san tsirranta, har ana faɗa in wata ta taka na wata. Yankan ciyawar nan kuma ya yi wani amfanin da ba mu lissafa ba, don a shekarar wuta ta taso daga gonakin yamma, ta zo bakin inda suka yanke ta rasa abin ci.

Wata safiya na ji Gambo na kira da ƙaramar murya.

"Saude, zo ki ga rabo."

Na matsa ni ma. A gindin wata sabara, cikin ciyawa, ga ƙwan makwarwa a kwance cikin ɗan rami. Rabon da in ga haka a wurin tun ina saurayi.

"Yau jikokina sun karya da ƙwai," in ji Gambo, har ta kwance bakin zanenta.

"Mayar da ciyawar yadda kika same ta," in ji Innarku.

"Ke, ƙwan tsuntsu ne fa, ba na hukuma ba."

"Kofur na kallonki."

"Kofur ya yi ta kallo, idonsa ne."

"To ni ma ina kallonki. Awakina na kuka a turke don wurin nan ya cika, ke kuma za ki fara kwasa tun bai cika ba."

Gambo ta mayar tana mita, tana cewa an haɗa soja da matar soja an hana talaka sakat. Amma daga ranar ita ta zama mai gadin wurin. Ba ta bari kowa ya yi yanka kusa da sabarar nan, kuma da aka ƙyanƙyashe, gida-gida ta bi tana ba da labarin 'ya'yan makwarwarta.

Sai bazara ta shigo, kuma a nan ne abin ya yi tsanani. Ruwa ya yi jinkiri a shekarar. Hadari ya haɗu ta gabas, iska ta watsa shi, gobe ma haka. 'Ya'yan gawo suka ƙare, ciyawar da aka yarda a yanka ta ƙare, dusa ta yi wuya don kowa na nema. Awaki suka rame har kana ƙirga haƙarƙarinsu daga bakin ƙofa, kukan ma suka daina, wanda ya fi kukan tayar da hankali. Ƙananan suka fara mutuwa a wasu gidaje, namu ma muka rasa. Innarku ta sayar da wasu a araha don ta ciyar da sauran. Kyalla kuwa ga tsufa ga ciki, sai ta yini a kwance. A can gindin dutse, ƙarƙashin ƙaya, tsirran na nan kore, kuma kowace mace a unguwar ta san cewa in ta kwance igiya, awakinta za su ƙoshi a yini ɗaya.

Ana cikin haka Isiyaku, ƙanen Innarku, ya zo daga Maruta da motarsa a-kori-kura. Labari ya kai musu. Tun daga zaure ya fara tsokanata, yadda ya saba.

"Kofur, an ce kun ci awaki da yaƙi. Barka da nasara."

"Shiga ka gaida yayarka, ka bar ni."

Ya shiga, na bi shi. Ya tsaya a bakin rumfa ya dubi awakin, wasan ya fita daga fuskarsa.

"Yaya, ga mota a waje. A wajenmu babu wanda ya hana akuya yawo, ga fadama ba ta bushe ba. In kwashe su yau, da ruwa ya sauka in dawo miki da su."

Ni kam na ji sanyi a raina, domin hanya ce mai tsabta. Dokarmu ta hana akuya shiga kurmi ne, ba ta hana ta zuwa Maruta ba. Na ce, "Saude, ki ba shi. Ba ki karya komai ba."

Ta dube ni, ta dubi ƙanenta.

"Gambo tana da ƙane a Maruta?"

Ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

"Sauran matan fa, wa zai turo musu mota? In awakina suka fita a motar nan, kafin ku hau titi an kwance kowace igiya a unguwar nan. Kuma ba zan ga laifinsu ba, ko ni ce haka zan yi."

"To ko Kyalla kaɗai," in ji Isiyaku. "Ita ce babba a tsatson akuyar Inna. Dubi yadda ta koma."

Ta je ta tsuguna, ta shafa goshin akuyar.

"Duk wadda ta shigo gidan nan, Kyalla take fara leƙawa," in ji ta. "Ka sha ruwa ka koma, Isiyaku, kada rana ta yi maka. Ka gaida mutan gida."

Ya tafi da motarsa babu komai a ciki. Kwana biyu bayan nan ya aiko da harawar da ya iya samu, ita kuma ta kasa ta, ta aika wa gidajen da suka fi shiga wahala, ta riƙe kaso ɗaya daidai da na kowa. Ni a ranar da ya tafi na sake yi mata magana, kuma ina so Rabi ta karanta wannan wurin sau biyu. Na ce ta kwance su kawai, ni zan tsaya gaban mai unguwa in amsa. Na ce itace ne, baɗi ma wani tsiron zai fito.

"Haka kuka ce bara," in ji ta. Ta ɗauki bokiti ta tafi rijiya.

Ba a daɗe ba wata safiya Kyalla ta kasa tashi. Innarku ta ɗaga ta, ta jingina ta da jikinta, ta dama mata ruwan dusa da kanwa, ba ta sha ba. Da hantsi ya yi ta leƙo zaure.

"Malam, ɗauko wuƙa, kada ta zama mushe."

Ni na yanka ta. Da aka feɗe aka sami 'ya'ya biyu a cikinta. Innarku ta shiga ɗaki ta jawo ƙofa. A lokacin ne ke Rabi kika bugo waya daga ɗakinki a garin Dutse, kika ji muryarta, kika tambayi abin da ya faru, ta ce Kyalla ce, dokar kurmi ce. Daga wannan kika gina sauran labarin, kuma ban ga laifinki ba, don ba ki ga abin da ya biyo baya ba. Bayan azahar ta fito ta wanke fuska. Ta zauna ta yanyanka naman, wanda ba shi da wani auki, ta kasa shi ƙanana-ƙanana, ta zuba a fanteka ta rufe. Ba ta aiki kowa ba. Da ƙafarta ta bi duk gidan da ke da akuya a turke ta miƙa. Ko tsoka ɗaya ba ta bari a gidanmu ba.

Sai bayan rasuwar Innarku, Allah Ya ji ƙanta, Gambo ta faɗa mini abin da ban sani ba. Ta zo gaisuwa, muna zaune a zauren nan.

"Kofur, ka san ranar da aka yanka Kyalla na riga na gama shawara? Ni da wasu mata uku. Mun ce da la'asar za mu kwance, Saude ta yi abin da za ta yi. Har na sassauta ƙullin igiya."

"Me ya hana?"

"Sallamarta na ji. Ta shigo da fanteka."

"Me ta ce miki?"

"Ba ta ce komai ba. Cewa ta yi ga na Kyalla, a sa wa yara a miya. Ta tambayi jikin awakina, ta fita. To ka gaya mini, da wane ido zan kwance?"

Abin da kurmin ya zama kun gani da idonku, ba sai na tsawaita ba. A shekarun da suka biyo ba a sake ɗaure awaki rani guda ba, don kowane tsiro ya samu ƙayarsa, kuma matan suka tsara a riƙa kora dabbobi ta gabas, ana karɓa-karɓa. Har yau su ne ke shiga da lauje, kuma tun daga lokacin ba a sake yanke wata magana a kan kurmin ba sai an aika bakin rijiya an ji ta bakinsu. Rema sun sauko ƙananan duwatsu. Zabin daji sun dawo, har manoman gefen suna ƙorafi. Garken Innarku kuwa bai sake komawa yadda yake ba har ta bar duniya, kuma ban taɓa jin ta ambaci hakan ba.

Saura in faɗi yadda ranin ya ƙare. Ruwa ya sauko wata rana da yamma, mai yawa, har rafi ya kawo. Da gari ya waye kowa ya ɗauki sungumi ya nufi gona, mai shela kuma ya fito aikinsa na kowace shekara. Ya zo daidai bayan gidanmu yana cewa an yi shuka, kowa ya ɗaure dabbarsa. Na ji Gambo ta amsa masa ta kan katanga.

"A ɗaure suke, bawan Allah. Wuce gaba."

Dariya ta tashi gida-gida, har da Innarku, wadda rabonta da dariya tun zuwan Isiyaku. Amma maganar gaskiya ce mai nauyi. Awakin da aka ɗaure tun waccan daminar, yanzu wata daminar ta same su a turke, ba su taka waje ba, kuma sai kaka za su taka.

Da ƙasa ta yi kore Innarku ta ce in raka ta gindin dutse. Ta ɗauki laujenta da igiya. Muka bi layin karan da suka kafa, tana ɗaga ƙaya tana leƙawa. Wasu sun bushe, amma mafi yawa na nan, sun fara toho. Ta tsaya a kan wata 'yar kanya da ta fitar da sabon ganye ja.

"Wannan ce?"

"Ita ce, da 'yan'uwanta."

"Abin da bai kai gwiwata ba, shi ya ci mini Kyalla."

Ta sunkuya ta gyara ƙayar da ruwa ya ture, ta danna gindinta da ƙafa don ta zauna.

"To ta yi ƙoƙari ta girma," in ji ta.

Sannan ta miƙa mini igiyar ta ce in riƙe, ta matsa gefe inda babu tsiro, ta fara yankar wa sauran awakin ɗanyar ciyawa.